Gishirin Magana: Yadda Bayanau Ke Haɗuwa da Aikatau na Ruwaito Zance a Turanci



Kan maganarmu ta yau yana iya zama kamar ƙaramin abu ga wanda ya ji shi daga nesa. Za mu yi magana ne a kan waɗansu 'yan kalmomi na Turanci, yawancinsu masu ƙarewa da "ly", waɗanda masana nahawu suke kira bayanau, da yadda suke zama kusa da aikatau irin su "say" da "admit" da "deny" da "claim", watau aikatau ɗin da ake amfani da su wajen ruwaito abin da wani ya faɗa. Kafin wani ya ce wannan aikin 'yan aji uku na sakandare ne, bari mu ba ku labarin abin da ya faru a gabanmu.

A wani ofis da muka taɓa aiki, an yi taron kwamiti, aka tambayi ma'aji inda waɗansu kuɗi suka shiga. Sau ɗaya aka tambaye shi, nan take kuwa ya amsa cewa an kashe su ne wajen gyaran motoci, ya kuma ajiye rasiɗai a kan tebur. Wannan shi ne batu na ƙarshe da aka tattauna a ranar. Sakataren taron wani saurayi ne, bai cika wata shida da kama aiki ba. Da ya zo rubuta rahoton taro sai ya rubuta: "The Treasurer finally admitted that the money had been spent on vehicle repairs." Aka buga, aka rarraba, kwafe ɗaya ya tafi sama. Kafin mako ya zagayo an aiko wa ma'aji takarda ana neman bahasi, a kan me ya sa sai da aka matsa masa sa'an nan ya faɗi gaskiya.

Da aka kira saurayin nan, rantsuwa ya yi ta yi cewa bai nufi kowa da sharri ba, kuma mun gaskata shi. Da "finally" yana nufin a ƙarshen taro ne. "Admitted" kuwa ya ɗauko ta ne don ya gaji da maimaita "said", domin an koya masa a makaranta cewa maimaita kalma rauni ne. Amma abin da jimlarsa take nufi ga duk mai jin Turanci shi ne: bayan dogon ja-in-ja, ma'aji ya amsa laifinsa. An gyara rahoton daga baya, sai dai magana zarar bunu ce. Dattijon da ya shekara ashirin yana riƙe da amana ya daɗe yana fama da kallon da ake yi masa, saurayin kuma ya daɗe kafin a sake ba shi alƙalami a wani taro. Kalmomi biyu ne suka jawo wannan duka, ɗaya bayanau, ɗaya aikatau. Yawancinku nan gaba kaɗan ku ne za ku riƙa rubuta rahotannin taro da wasiƙun ofis da labaran jarida, shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan al'amari.

Aikatau tukuna

Ba za a fahimci aikin bayanau ba sai an san halin aikatau ɗin da yake rakiya. Aikatau na ruwaito zance a Turanci ba duka suke da nauyi ɗaya ba, kuma muna iya kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko su ne 'yan ba-ruwanmu, irin su "say" da "tell" da "state" da "ask". Wanda ya rubuta "he said" ya kawo saƙo ne kurum, bai sa bakinsa a ciki ba. Kashi na biyu su ne masu gaskatawa, irin su "point out" da "reveal" da "note". Wanda ya rubuta "he pointed out that the contract was illegal" ya riga ya yarda cewa kwangilar haramtacciya ce, ko ya sani ko bai sani ba. Masana harshe biyu, Paul Kiparsky da Carol Kiparsky, sun yi wani sanannen nazari da aka buga a 1970 a kan aikatau masu ɗaukar abin da ya biyo bayansu a matsayin tabbataccen abu. Kashi na uku su ne masu nesanta marubuci daga zancen, irin su "claim" da "allege", waɗanda suke nuna cewa mai magana ne ya faɗa, mu ba mu tabbatar ba, watakila ma muna shakka. Kashi na huɗu su ne masu nuna matsayin mai magana a cikin jayayya: "admit" da "concede" da "confess" suna nuna abin da aka faɗa gaskiya ne kuma bai yi wa mai faɗarsa daɗi ba, "insist" da "maintain" suna nuna akwai masu musu, "deny" kuwa tana nuna akwai zargi.

Saboda wannan ne manyan kamfanonin dillancin labarai, irin su Reuters, suke horon ma'aikatansu da su riƙe "said" ko da za ta fito sau goma a labari ɗaya, su kuma yi hattara da "admit" da "claim". Akwai kuma tarkon "refute". Asalin ma'anarta ita ce rushe magana da hujja, amma mutane da yawa suna amfani da ita a wurin "deny". Wanda ya rubuta cewa kwamishina "refuted the allegation", alhali musantawa kawai ya yi, ya wanke shi ke nan ba tare da an yi shari'a ba.

Kowace kalma da abokiyar tafiyarta

Abu na farko da ya kamata mu sani game da bayanau shi ne, ba kowanne yake tafiya da kowane aikatau ba. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna cewa ja wur, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar. Ba wanda zai ce ja ƙirin ko baƙi wur, ko da yake babu wata doka ta hankali da ta hana. Haka muke cewa ya ƙi ƙememe, ya yi shiru tsit, ya faɗa ɓaro-ɓaro. In baƙo mai koyon Hausa ya ce "ya yarda ƙememe", za mu gane abin da yake nufi, amma za mu yi murmushi.

To, haka Turanci yake. Masanin harshen nan na Ingila, J. R. Firth, shi ne ya yi fice a shekarun 1950 wajen jawo hankali ga wannan ɗabi'a ta kalmomi, watau sabon da wata kalma take yi da zama kusa da wata. Daga baya Sidney Greenbaum ya wallafa littafi a kan bayanau na Turanci a 1969, ya kuma biyo da wani a 1970 inda ya yi gwaji: yakan ba masu harshen farkon jimla ya ce su ƙarasa. Ya tarar in an ba su "I entirely" galibi "agree" suke kawowa, in kuwa an ba su "I badly" sai su kawo "need" ko "want". Ba su haɗa baki ba, kunne ne ya saba.

Ga kaɗan daga cikin irin wannan abota a fagen ruwaito zance. Musu da ƙi suna tafiya da "flatly" da "categorically" da "vehemently" da "strenuously": "he flatly denied", "she categorically refused". Amsa laifi yana tafiya da "freely" da "readily" da "openly" in an yi shi da sauƙi, ko "reluctantly" da "grudgingly" in an yi shi da ƙyar. Suka tana tafiya da "roundly" da "sharply" da "strongly": "they roundly condemned". Koke yana tafiya da "bitterly". Neman gafara yana tafiya da "unreservedly" da "profusely" da "sincerely". Rantsuwa tana tafiya da "solemnly". Shawara mai taka-tsantsan tana tafiya da "tentatively". Ku lura, asalin "flat" shimfiɗaɗɗen abu ne, asalin "round" kuma kewayayye ne, amma ba siffar abu ake nufi ba ko kaɗan. Ana musu "flatly", ana suka "roundly", in kuwa aka juya su kunnen mai harshen zai ji wani iri.

Har tsakanin kalmomi masu kama da juna akwai bambanci. Ana cewa "I highly recommend this book" in ana yabon abu, amma in ana ba da shawarar a ɗauki mataki, "I strongly recommend that the fees be reviewed" ya fi dacewa. Jami'in da yake rubuta wa maigidansa shawara a fayil, na biyun yake bukata.

Irin wannan ilmi ba a samunsa ta haddace dokoki. Ana samunsa ta yawan karatu da sauraro, da kuma duba ƙamus mai kawo misalai. Mu a yau mun fi na da sa'a. A 1987 aka fitar da ƙamus ɗin COBUILD a ƙarƙashin jagorancin John Sinclair na Jami'ar Birmingham, wanda aka gina shi a kan miliyoyin kalmomin da mutane suka rubuta ko suka furta da gaske. A 1994 kuma aka kammala tara wata taska ta Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Ɗalibin da yake da kwamfuta ko waya yana iya duba irin waɗannan taskoki ya ga da idonsa wace kalma take bin wace.

Daga wannan abota ake gane kurakurai iri biyu. Na farko shi ne maimaici marar amfani, kamar "shouted loudly" ko "whispered quietly", domin ihu dama da ƙarfi ake yinsa, raɗa kuma a hankali. Na biyu shi ne karo, inda bayanau yake rushe aikatau, kamar "tentatively insisted", watau ya dage cikin ɗari-ɗari, ko "falsely pointed out", inda aikatau yake cewa gaskiya ne, bayanau yana cewa ƙarya ne.

Muryar wa muke ji?

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a san bakin wa bayanau yake ara. A 1959 Randolph Quirk ya kafa wani shiri na binciken yadda ake amfani da Turanci, wanda mazauninsa yake Kwalejin Jami'a ta Landan. Daga wannan aiki ne shi da Greenbaum da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka fitar da babban littafin nahawu a 1972, sa'an nan wanda ya fi shi girma a 1985. A na farkon sun kasa bayanau kashi uku, a na biyun suka mai da su huɗu. Ba za mu gajiyar da ku da sunayen kashe-kashen ba. Abin da ya shafe mu shi ne bambancin da suka fitar tsakanin bayanau mai siffanta yadda aka yi aiki, da bayanau mai ɗauke da ra'ayin marubuci a kan zancen gaba ɗaya.

In muka ce "she said quietly", mun siffanta muryarta ne, abin da duk wanda yake wurin zai iya shaida. In muka ce "she said angrily", mun ɗan matsa gaba, mun shiga fassara fuskarta da zuciyarta. In kuwa muka ce "she rightly said", ko "he wrongly claimed", ko "he foolishly promised", to mun bar matsayin ɗan aike mun hau kujerar alƙali. Ba mai maganar ne ya ce ya yi daidai ba, mu ne muka ce.

A cikin maƙalar jami'a akwai wurin da wannan ya halatta, har ma ana son sa. Ɗalibin da ya rubuta cewa wani masani "convincingly argues" ko "rightly observes" yana nuna wa malaminsa inda ya tsaya, amma fa ya ɗauki alkawarin kawo hujja a jimla ta gaba. A rahoton taro kuwa, ko rahoton bincike, ko labarin jarida, irin wannan bayanau ba shi da wurin zama. Sakataren taro da ya rubuta "the Chairman rightly observed" fadanci ya yi, wanda kuma ya rubuta "the member merely repeated" raini ya yi, kuma duka biyun za a adana su a fayil shekara da shekaru.

Matsayi a cikin jimla

Abu na uku shi ne wurin da aka ajiye kalmar. A Turanci, matsar da bayanau taki ɗaya yana iya sauya ma'ana. Ku dubi waɗannan jimloli biyu: "The Registrar answered the question wisely" da "The Registrar wisely answered the question." Ta farko tana nufin magatakarda ya amsa cikin hikima, watau amsar ce mai kyau. Ta biyu tana nufin ya yi hikima da ya amsa, ko da amsar ba ta da daɗin ji, domin yin shiru zai fi muni. Kalmomi ɗaya ne, tsari ne ya bambanta.

Nan ne saurayinmu ya faɗi. Da ya rubuta "Finally, the Treasurer said", da waƙafi bayan kalmar farko, da ma'anar ita ce: batu na ƙarshe, ma'aji ya ce. Da ya sa "finally" tsakanin aikau da aikatau, sai ta koma nufin bayan an daɗe ana jira.

Bayanau na lokaci ma yana da nasa tarkon, musamman in aka jefar da "that". A ce an liƙa sanarwa a allo: "The Bursar said on Friday he would pay the allowances." Shin ranar Juma'a ya yi maganar, ko ranar Juma'a zai biya? Jimlar tana kallon gabas tana kallon yamma. Ɗalibai za su karanta abin da suke so su ji, su yi layi a ƙofar ofishin kuɗi, in ba a biya ba a ce an yi musu ƙarya. Maganin abin kalma ɗaya ce. "Said on Friday that he would pay" ranar magana ke nan. "Said that he would pay on Friday" ranar biya ke nan. Haka "he promised again to pay" ya sake yin alkawari ne, "he promised to pay again" kuwa alkawarin sake biya ne.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta kamata a riƙe. Turanci ba ya son bayanau ya shiga tsakanin aikatau da gajeren karɓau. Ana cewa "he flatly denied the charge" ko "he denied the charge flatly", amma "he denied flatly the charge" tana da nauyi a kunne. In abin da ya biyo baya ganga ce mai farawa da "that", to babu laifi: "he stated clearly that he would resign" daidai ne.

Sai kuma haɗuwar bayanau da korewa, wadda 'yan siyasa da masu magana da yawun hukuma suka ƙware a kanta. "He did not deny it" magana ce a fili. "He did not explicitly deny it" tana nuna ya yi kewaye-kewaye. "I never officially said so" kusan amsawa ce cewa an faɗa a bayan fage. In kun ji bayanau ya maƙale a bayan "not" ko "never", ku tambayi kanku wace ƙofa aka bari a buɗe.

Dangin "wai"

Hausa tana da wata 'yar kalma mai albarka, ita ce "wai". Da ita muke nuna cewa ji muka yi, ba mu gani ba, wani lokaci kuma da ita muke nuna shakka ko ba'a, gwargwadon yadda muka karya murya. Turanci ya rarraba aikin "wai" ga kalmomi da yawa, kowace da nata launi. "Reportedly" tana nufin haka rahotanni suka ce, ba tare da nuna shakka sosai ba. "Allegedly" ta zargi ce, galibi a kan laifin da ba a tabbatar ba. "Supposedly" tana ɗauke da shakka a fili. "Apparently" kuwa ita ce mai yaudarar ɗalibanmu, domin da yawa suna zaton tana nufin a bayyane, alhali a maganar yau da kullum ma'anarta ita ce da alama, ko yadda muka ji.

A nan ma matsayi yana aiki. "He reportedly said that the money was missing" yana nufin ba mu tabbatar ya yi maganar ba. "He said that the money was reportedly missing" yana nufin ya yi maganar, amma shi ma ji ya yi.

Muna so mu ja kunnen masu sha'awar aikin jarida, har da masu rubutu a wannan mujalla. Kada ku ɗauka "allegedly" laya ce. A dokar ɓata suna ta Ingila, wadda tamu ta samo asali daga gare ta, akwai ƙa'idar cewa wanda ya maimaita ƙazafi ana iya kama shi kamar wanda ya ƙirƙira shi, kuma cewa "an ce" kaɗai ba ta isa kariya ba. Abin da yake kare marubuci shi ne gaskiyar abin da ya rubuta, ko kuwa ya kawo rahoto daidai kuma cikin adalci na abin da aka faɗa a wuraren da doka ta ba kariya, kamar kotu da majalisa.

Maganar baka da ta littafi

A hira ta yau da kullum masu Turanci ba su cika amfani da bayanau na yanayi ba. Ba kasafai za ka ji mutum ya ce wa abokinsa "she said angrily" ba. Kwaikwayon muryarta zai yi, kamar yadda mu ma muke yi. Tun farkon shekarun 1980 masana suka lura da yadda matasa a Amurka suke cewa "she was like" kafin su kwaikwayi maganar wani, kuma wannan salo ya bazu zuwa sauran ƙasashe masu Turanci. Bayanau da ake ji a hira su ne masu auna kusancin rahoto da ainihin kalmomin. "He basically said no" yana nufin taƙaitawa muka yi, ba haka ya furta ba. "He actually said no" yana nufin da bakinsa ya faɗa, kuma abin ya ba mu mamaki. "I just said" kuwa sassauta magana ce, ko kare kai. Waɗannan na baka ne, kada a kai "basically" cikin rahoton ofis, domin tana shaida cewa marubucin bai riƙe ainihin abin da aka ce ba.

A fagen ƙagaggun labarai kuwa, an daɗe ana yi wa yawan bayanau dariya. Akwai jerin littattafan yara na Amurka da aka fara bugawa a 1910, masu tauraro mai suna Tom Swift, waɗanda aka san su da ƙawata kusan kowace magana da irin waɗannan kalmomi. A shekarun 1960 sai abin ya zama wasan kalmomi, inda ake zaɓen bayanau mai harshen damo. Ga wani da muka ƙaga domin ku: "We have run out of ink," said the clerk dryly. Kalmar ƙarshe tana nufin ya faɗa ba fara'a, tana kuma tuna mana cewa alƙalaminsa ya bushe. Marubuta biyu na Amurka, Stephen King a 2000 da Elmore Leonard a 2001, kowannensu ya shawarci masu koyon rubutu da su bar "said" ita kaɗai, su bar maganar da kanta ta nuna fushi ko murna.

Turancinmu na gida

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo waɗansu kalmomi da suka zama namu. A Nijeriya ana cewa "I warned him severally" ana nufin sau da yawa. A Turancin Ingila kuwa "severally" tana nufin ɗaya bayan ɗaya, kowa da kansa, kuma an fi ganinta a takardun shari'a. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, wannan ma'ana tamu ta "severally" tana cikinsu. Saboda haka ba za mu kira ta kuskure ba. Amma wanda yake rubuta wa baƙo wasiƙa, ko yake tsara yarjejeniya, gara ya ce "repeatedly" ko "several times", domin kada lauya ya karanta abin da ba a nufa ba. Haka "outrightly denied" ta yawaita a jaridunmu, alhali a can "denied outright" aka saba.

Akwai kuma gadon da muka ci daga ofisoshin zamanin mulkin mallaka, na cika wasiƙa da "humbly" da "respectfully" da "duly". Su kansu Turawan sun daɗe da gane illar cunkoson kalmomi a rubutun hukuma. Baitulmalin Birtaniya ce ta roƙi wani tsohon babban ma'aikaci, Sir Ernest Gowers, ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati jagora, aka buga shi a 1948 da sunan Plain Words, aka faɗaɗa shi a 1954. Cikin abin da ya yi gargaɗi a kai har da kalmomin ƙarfafawa da ake zubawa ba bukata, domin in kullum ana ƙarfafa magana, ranar da aka faɗe ta ba ƙarfafawa sai a ɗauka ba da gaske ake ba. Ladabi abu ne mai kyau, mu ma al'adarmu ce. Sai dai "respectfully" ɗaya a wurin da ya dace ta fi "humbly" biyar a shafi guda.

Kammalawa

Hausawa suna cewa wane ya ƙara wa magana gishiri, in ya kawo labari ya haɗa da abin da ba a faɗa ba. Bayanau shi ne gishirin ruwaito zance a Turanci, kuma hannun marubuci ne yake barbaɗa shi. Saboda haka muna roƙon kowannenku, duk lokacin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta abin da wani ya ce, ya tsaya ya yi wa kansa tambayoyi huɗu. Wannan aikatau da na zaɓa, saƙo kawai ya kawo ko hukunci ya yanke? Wannan bayanau, abin da kowa ya gani yake siffantawa ko ra'ayina ne? Masu harshen suna haɗa waɗannan kalmomi biyu kuwa? In na matsar da kalmar gaba ko baya, ma'ana za ta sauya? In aka yi shakka, a koma ga "said", a bar ta ita kaɗai. Ba mu taɓa jin an kori ma'aikaci don ya maimaita "said" ba.

Saurayin nan da muka ba ku labarinsa ya yi nisa a aiki daga baya. Mun sami labari cewa duk sabon jami'in da aka turo masa, aikin farko da yake ba shi shi ne ya ɗauko tsohon rahoton taro, ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalma mai ƙarewa da "ly", sa'an nan ya zo ya faɗa masa wa ya furta ta, mai magana ko mai rubutu. Muna ba ku shawara ku gwada wannan da rubutunku na makon jiya, kafin wani ya gwada muku.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.